Ɗakin da munka gano a tsohon garajin Madawa

Mun tashi da asuba daga Ibohaman, ko kaji ba su sauko ba, ni da maigida da yarinya a goye. Kun dai san yadda damina ta yi muna bana, rumbunmu ko ɓera ya daina leƙawa. Wan maigida, da ke dako a Madawa, shi ya aiko cewa meri, wato hukumar gari, ta gina ɗakunan haya masu arha a cikin gari, kowane da ƴar butiki, ɗan shago, a gaba. In munka samu ɗaya, ni in dama hura in saida, maigida ya bi wansa dako.

A Keita munka hau kamyo. Hanyar Buza duwatsu ce zalla, motar in ta kama hawa sai ta riƙa nishi kamar mai naƙuda. Dama da hagu hatsi ya bushe a tsaye, bai kai gwiwa ba. Na ga mata suna tonon gidan tururuwa don ƙwayar da ta ɓoye. A tashar Buza na sayi ƙosai na dala biyu, ƙanana kamar kashin akuya. Na tambayi kuɗin tiyar hatsi, da anka gaya mini sai na yi kamar wata ce ta aike ni.

Da azahar munka isa. Wurin yana bayan tasha, tsohon garajin manyan motoci ne da anka watsar. Gaskiya ginin ya yi kyau: ɗakuna a jere, rufin tol, wato kwano, ƙohwar ƙarhe, pampo guda a tsakiya. Har wani tela ya tare yana ɗinki, wata mata kusa da shi tana suyar waina. Sai dai ƙasar baƙa ƙirin ce, tana warin gazuwal, man manyan motoci. Na ɗan zuba ruwan buta in ga shan ta. Ba ta sha ba, ruwan ya kwanta bisa yana ƙyalli launi-launi. Ko tumfafiya babu a hilin.

Na sauke yarinyar don in durƙusa in gaida wan maigida. Kan in ɗago ta rarrahwa, ta dumbuzi ƙasar nan ta kai baki. Ɗiyar hwari ce, ga wan miji tsaye, yaya za ni zabura kanta? Na kau da kai. Mai waina ce ta sure ta, ta sa yatsa ta ƙwaƙule mata baki.

"Ke baiwar Allah, nan ba a rainon kunya," in ji ta. "Ɗiyana biyu, tun da munka tare zawo bai sake su ba."

Wan maigida ya yi dariya. "Haba Hajiya, ƙasa ce. Wane ne cikinmu bai ci ba?"

Wani mushen meri, ma'aikacin da ke riƙe da takardu, ya ce za a zuba siminti in hali ya yi. Maigida ya dangwala yatsa bisa takardar haya.

Munka kwana, da sahe munka juyo. Tsakanin Buza da Keita yarinyar ta yi amai sau biyu, da baƙi-baƙi a ciki. Babu wanda ya san mu a motar, sai na rungume ta, na kira sunanta a hili, abin da ban taɓa yi ba. Maigida ya ji, bai dube ni ba. Can ya ce a hankali, "Madawa dai akwai abinci." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Mun dawo gida lahiya, aman ya tsaya. Bayan kasuwar Keita biyu za mu tare. Abin da na gano a tahiyar nan, hilin da birni ke ba talakka da arha, wani ya riga ya cinye amfaninsa. Ni dai na yanke shawara: a Madawa yarinyar nan ba ta sauka daga bayana, in kuma ta taɓa ƙasa zan zabura ko gaban wa. A ce ba ni da kunya, na yarda.