Injin Hayar da Auta Ya Yi wa Fenti

A wurin gini Mai Tsumma kowa ke ce masa, saboda tsumman da ba ya rabuwa da aljihunsa na baya. Birkila ne da ya tsufa a kan sana'ar, amma bai taɓa mallakar injin kwaɓa kankare ba. Duk ranar da za a zuba kankaren bene, sai ya je gidan haya da ke bayan 'yan katako ya ɗauko.

Da an gama zubi, leburori na neman inuwar da za su miƙe ƙafa, shi kuwa sai ya zuba tsakuwa da ruwa a tukunyar injin, ya bar ta tana juyawa har ruwan ya fito garau. Ya kankare simintin da ya maƙale a haƙoran injin, ya shafa giris, ya duba baƙin mai. Leburori kan ce, "Baba, wai inji ne ko amarya?" Ya ce, "Amaryar wani ce, shi ya sa nake lallaɓa ta."

Mai gidan hayar, wani dattijo mai dogara sanda, har ya daina tasowa in Mai Tsumma ne ya dawo da kaya. Daga kan benci yake cewa a tura injin cikin rumfa.

Akwai Auta, ƙanin matarsa. A gidansa ya tashi bayan rasuwar iyayensu, a hannunsa ya koyi ɗora bulo. Da Auta ya samu aikin kansa na farko, wani jerin shaguna, ya je neman inji aka hana shi, don ba a san shi ba.

"Yaya, kai kaɗai za ka fid da ni kunya," in ji shi. "In ka sa baki za su ba ni."

Mai Tsumma ya sa hula ya raka shi. Ya ce wa dattijon, "Wannan ɗana ne. In ya riƙe, ni na riƙe."

Da aiki ya ƙare, Auta bai wuce gidan haya ba. Ƙofar gidan yayan nasa ya kawo injin a bayan mota, an wanke shi tas, murfin da ke rufe injin juya tukunyar ya sha sabon fenti ruwan ɗorawa. Ya ce yana da sauri, Yaya ya taimaka ya miƙa. Daɗi ya kama Mai Tsumma, har ya kira matarsa ta leƙo ta gani. "Kin ga yaron nan? Ya ɗauki tarbiyya." Bai ɗaga murfin ba. Ya hau gaban mota ya kai, dattijon ya ce a tura shi cikin rumfa.

Wani magini ne ya ɗauki injin bayansu, ya mutu masa ana tsakiyar zubi, kankare ya sandare a tukunya. Aka aika wa Mai Tsumma ya zo. A gabansa bakanike ya ɗaga murfin. Abin da ke ciki wani tsohon inji ne da aka ɗaure da waya, yana yoyon mai. An kwance na asalin, wanda bai daɗe da fitowa daga kwali ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba. "Ban ce kai ne ba, malam. Amma kai ka kawo, kuma don kai ne ban duba ba."

Mai Tsumma ya kama hanyar shagunan. Tun daga bakin layi ya ji ƙarar da ya sani. Auta ya sayi wata tsohuwar gangar jikin injin kwaɓa ya ɗora mata injin mutane, ya shafe ta da ragowar fentin nan.

Auta ya taso yana murmushin yaƙe. "Haba Yaya, tsohon nan injuna nawa gare shi? Ba zai ma ji a jikinsa ba. Ni kuwa yanzu nake tasowa."

"Me ya hana ka mayar da injin da kanka?"

"To, ai na san in kai ne ba a dubawa."

Mai Tsumma bai zage shi ba. Ya kashe injin, ya ari sifana wurin mai walda, ya kwance shi a gaban leburorin Auta, ya sa aka ɗora a baro. Bayan ya mayar, ya yi kwanaki a rumfar gidan hayar da guduma da kurfi, rabin jikinsa a cikin tukunya, yana fasa kankaren da ba shi ya bari ya sandare ba. Dattijon ya yi masa godiya. Amma tun daga nan, duk injin da Mai Tsumma ya dawo da shi sai an tayar an ɗaga murfi, yana tsaye a rana kamar baƙo.

Matarsa ta sha kuka, ta rantse Auta ba zai ƙara taka mata tsakar gida ba. Shi ne ya hana ta. "Ɗan'uwanki ne, ba ki da wani."

Auta yana zuwa har yanzu. Ya durƙusa ya gaishe shi, Mai Tsumma ya amsa, ya tambayi iyali, sai ya juya ga rediyonsa. Bara Auta ya samu ginin bene mai hawa uku, ya aiko a roƙi Yaya ya zo ya tsaya masa a kan harsashi. Mai Tsumma ya ce a gaya masa bayansa na ciwo. Ranar da aka fara haƙan, yana gidan maƙwabcinsa yana yi masa shafen banɗaki.