Baba Iliya Tambai, Uban Zumuntar Ɗalibai a Bakin Kanal

Kafin rana ta gama fitowa, Baba Iliya Tambai ya riga ya jingine kekensa a jikin darbejiyar bakin kanal, ya naɗe ƙafar wando, ya murɗa ƙarfen ƙofar ruwa. Yakan tsaya har sai ya ga ruwa ya shiga gonar gwajin ɗalibai, fangali bayan fangali, sannan ya ɗaga hannu ya gaisa da manoman tsallake. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a wata kwalejin koyon aikin gona da ke tsakanin Kura da Bunkure. A takarda ƙaramin ma'aikacin gona ne. A wurin ɗalibai Kirista kuwa, shi ne uban zumuntarsu.

Zumuntar ba ta da majami'a. A barandar siton iri suke sujada, shi ke share ta ranar Lahadi, ya jera bencina, ya koma can baya ya zauna. Bai taɓa hawa ya yi wa'azi ba. Ranar Juma'a shi ke tsare wa maƙwabcinsa Malam Usaini ruwan albasarsa har a sauko daga masallaci, ranar Lahadi kuma Malam Usaini ya tsare masa nasa. Sun daɗe a haka, babu wanda ya tuna ranar da suka fara.

A watan jiya ɗalibai goma sha tara da suka kammala karatu suka yi taron bankwana a barandar, ya kuma zo daidai da ritayar Baba. Aka ce kowa ya faɗi abin da ya ƙaru da shi a zumunta. Wasu sun ambaci nazarin Littafi Mai Tsarki, wasu ƙungiyar waƙa, amma duk wanda ya tashi sai zancensa ya gangaro kan dattijon da ke zaune a baya yana sunkuyar da kai. Da Rifkatu ta miƙe, sai kowa ya juyo gare ta, domin yawancinsu sun san labarin.

Rifkatu daga kudancin Kaduna ta zo, shekara guda bayan wasu mahara da aka ce makiyaya ne sun kashe yayanta a gona. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai ba ta taɓa haye gadar katakon kanal ba, ba ta sayen nono, in kuma ta hango garke sai ta bar fartanya ta koma ɗaki. Baba ya lura, bai tambaye ta ba. Matarsa Mama Laraba ya sa ta riƙa kiranta cin tuwo bayan sujada. Sai a shekara ta biyu, suna tsinkar zogale a tsakar gida, ta buɗe baki ta faɗa musu, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

A shekarar ƙarshe aka ba ta aikin binciken kammalawa a kan irin shinkafar rani kala uku. Kwana goma sha biyu da yin dashe, ta zo da safe ta tarar shanu sun shiga sun kiwace gonar, abin da ya rage sun tattake shi cikin laka. Shanun Jaji ne, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke tsallaken kanal. Ta zauna a kan kunyar gona. In babu shinkafar babu sakamako, sai ta maimaita shekara, ga mahaifiyarta na jiran ta a gida.

Nan da nan samarin zumunta suka taru, har da shugabansu Yusuf. Wani ya ce da gangan aka yi, don an san gonar Kirista ce. Maganar ta kama, wasu suka fara zare sandunan tokare tumatir suka nufi gada. Ko da suka isa, sun tarar Baba ya riga su, yana tsaye a tsakiyar katakon da mutum ɗaya kawai ke iya bi.

"Wanda zai haye sai ya fara ture ni cikin ruwan nan," in ji shi, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. "Na san Jaji tun ba a haife ku ba. Ku ajiye sandunan, ku ɗauko kwanduna."

Yusuf ya ce kunyar da ya ji ranar bai taɓa jin irinta ba. Suka bi Baba zuwa bayan sito, sai ga ragowar irin Rifkatu kore shar, kowane kala da alamarsa. Ashe ɗabi'arsa ce, duk ɗalibin da ya gama dashe ya watsar da saura, sai ya kwashe ya ci gaba da ba shi ruwa har wata guda, ko da wani abu zai faru.

Da yamma ya nemi Rifkatu ta raka shi ruga. Ta ce masa, "Baba, ba zan iya ba." Bai matsa mata ba, ya tafi shi kaɗai.

Washegari sai ga Jaji da kansa, da matarsa Asta, da manyan 'ya'yansa biyu ɗauke da ƙayar shinge. Dattijon ya durƙusa a gaban yarinyar da ya yi jika da ita, ya ce turken garke ne ya karye da asuba, laifinsu ne, ta yafe musu. Rifkatu ta kasa ɗago ido. Asta kuwa ta ɗaure zani ta shiga laka, alhali ba ta iya dashe ba, tana cusa iri a karkace, har dole Rifkatu ta matso ta nuna mata. Suna cikin yi Asta ta ga tana ta ja da baya daga gare ta, ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Rifkatu ita kanta ba ta san yadda aka yi ta faɗa mata zancen yayanta ba. Asta ta kama hannunta da nata mai laka ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata."

Shinkafar ta yi lattin mako uku, amma ta yi, Rifkatu ta ci jarrabawa. Ta gaya wa taron cewa ba za ta yi ƙarya ta ce tsoron ya tafi duka ba. Amma a makon taron ta haye gada ta mayar wa Asta ƙwaryar da ta kawo mata fura.

Baba Iliya, kai ne ka tsaya a kan katako ranar da abin da zai biyo baya Allah kaɗai ya san iyakarsa. Kai ne ba ka tilasta wa mai rauni ta yi gafara kafin ta shirya ba, ka je ka yi tafiyar a madadinta. Waɗannan yara sun ji ana karanta ƙaunar maƙwabci a baranda, a bakin kanal suka ga yadda ake yin ta.

Rifkatu ta samu aikin malamar gona a yankinsu, inda za ta riƙa zama da manoma da makiyaya a tabarma ɗaya. Da aka watse daga taron ta sami Baba yana kwashe bencina, ta ce, "Baba, in na je can na kasa fa?"

"Wata rana za ki kasa," ya ce mata. "Sai ki koma washegari."

Mun gode, Baba, mu da muka ji da waɗanda suka gani. Allah ya ba ka hutu mai daɗi kai da Mama Laraba, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma ma'aikatan makarantunmu, Musulmi da Kirista, manya da ƙanana, ku duba cikin ɗalibanku. Akwai wadda ke zaune shiru da abin da ya fi ƙarfinta, ba kuwa za ta zo ofis ta faɗa ba. Ku kira ta cin abinci.