Rarar Inci Biyu

Tun ranar da ɗan Adam ya fara riƙe almakashi, duniya ba ta taɓa yin tela mai tsare mutuncin jikin jama'a kamar Kawuna ba. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗinki, ba wanda ya taɓa dawo masa da riga ya ce ta matse shi. Na bincika, gaskiya ne. Duk waɗanda suka dawo cewa suka yi a rage.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, rarar inci biyu. In ya auna ƙirjinka ya sami talatin da takwas, arba'in zai rubuta, ya dube ka da tausayi ya ce, "Mutum ƙaruwa yake yi." Shi kansa ɗan gajere ne siriri, bai taɓa ƙaruwa ba, amma bai yanke ƙauna ga sauran mutane ba. Wandon makarantar da ya ɗinka mini yana nan a akwati har yau, ina jiran in cika shi.

Da ido ya fara gazawa, sai zare ya daina shiga allura. Kawu ya yi shekara guda yana zargin masu ƙera allura kafin ya yarda ya rufe shago. Ya dawo gida ba aikin fari ba na baƙi, yana bin matarsa, wadda muke kira Inna, ɗaki ɗaki yana nuna mata inda bakin labule ya karkace. Ranar da ya shiga kicin ya ce tsumman goge tukunya ba a yanka shi daidai ba, Inna ta kwashe manyan tukwanenta da bokitai daga sito, ta jera su a baranda, ta miƙa masa mabuɗi.

"Aro na ba ka, Tela," in ji ta. "Ranar da na tabbata ba abin kirkin da zai fito daga ɗakin nan, tukwanena za su koma gidansu."

Kawu ya zaɓi aikin katako, don a ganinsa katako yadi ne mai taurin kai, kuma ƙusa ba ta da idon da za a nema. Ya sayi zarto da guduma da gam. Ƙusoshi ya zuba su a gwangwanayen maɓalli, girma girma. Tsohon tef ɗinsa na awo yana rataye a wuya, allin tela a bayan kunne, ƙananan ƙusoshi a leɓe inda allurai suka saba zama.

Aikinsa na farko kanta ce ta kicin, wadda za ta shiga tsakanin firij da bango. Ta fito sumul, ta fi gurbin da inci biyu. Yanzu takalma ake ajiyewa a kanta. Ya yi wa hoton aurensu firam, hoton ya zauna a tsakiya kamar tsibiri, ana hangen fentin bango ta kowane gefe. Ya yi wa rediyo akwati, rediyon na yawo a ciki. Da maƙwabcinsa, tsohon direban bas, ya roƙi 'yar kujerar zama a ƙofar gida, Kawu ya ce ya juyo, ya zagaya masa tef a ƙugu.

"Tela, kujera na ce, ba wando ba!"

"Ina za ka ɗora wandon? Tsaya daidai. Kuma ka dawo jibi gwaji."

Direba ya je gwaji sau uku. Kujerar da ya samu, shi da ƙaninsa suke zama a kai.

Inna tana kallo kawai, sai dai duk sanda ta wuce baranda takan shafa murfin babbar tukunya kamar mai ba ta haƙuri.

Ana nan sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta sami ciki. Kawu ya tara mu ya sanar cewa kada kowa ya kuskura ya sayi gadon jariri.

"To, mu yi ta a gaban shaidu," in ji Inna. "In jikana ya kwanta a gadon nan, ɗaki ya zama naka har abada. In bai kwanta ba, ka ba ni mabuɗina."

"Na yarda. Ki fara nema wa tukwanenki laima."

Matsalar ita ce mai kayan bai iso ba tukuna, kuma Kawu bai taɓa yanka abu ba tare da awo ba. Saboda haka ya auna uban. Mijin Auta malamin lissafi ne, dogo har yana sunkuyawa a ƙofa, ya tsaya hannu a miƙe surukinsa na zagaya shi da tef. Daga nan Kawu ya cire abin da ya ga ya dace, ya ƙara inci biyu na girma, biyu na juyi, biyu na katifa, da wasu biyun ko da tagwaye ne. Kowane katako kuma ya sami nasa biyun na al'ada.

Wajen haɗawa bai yi wasa ba. Kowace gaɓa ya shafa mata gam, ya buga ƙusa, ya bi da noti. "Ɗinkina bai taɓa warwarewa a jikin mutum ba," in ji shi, "ba kuwa zai fara a kan jikana ba."

Mijin Auta ya leƙa ana saura kwana goma a gama. Ya dubi gado, ya dubi ƙofa, ya sake duban gado. Daga baya ya gaya mini tun a nan ya gama lissafin.

"Me ya hana ka magana?"

"Haba, ni zan koya wa Baba awo?"

Abin da ya ce ranar shi ne, "Baba, aiki ya yi kyau."

Aka haifi mace. Ranar ɗaukar gado Direba ya aro motar kaya, muka shiga sito mu huɗu muka ɗaga. Muka gwada a miƙe, ya ƙi. Muka gwada a kaikaice, ya ƙi. Muka tayar da shi tsaye, muka cire ƙyaure, muka sake gwadawa, Direba na ba da umarni kamar ana fakin. Bakin ƙofar ƙarfe ne, taga kuma da sanduna. Kawu ya auna uba, ya auna uwa, ya auna ɗakin da za a kai gadon, amma bai auna ƙofa ba. Ba laifinsa ba ne. A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa yin abin da ba ya ninkuwa ba.

Mijin Auta ya karɓi tef, ya durƙusa, ya daɗe.

"Nawa ne?" in ji Inna daga baranda.

"Inci biyu ne kacal, Inna," ya faɗa yana kallon ƙasa.

"Wanda ya yi ƙofar nan bai bar rara ba," in ji Kawu. "Daga gani ba tela ba ne."

"To rage shi mana, Tela," in ji Inna. "Ai ka saba."

Kawu ya zagaya gadon yana shafawa da yatsa, yana neman inda zai farke. Babu. Direba ya sa bayan guduma a wata gaɓa ya danna da ƙarfinsa, ƙotar gudumar ta karye. Da ya kawo zancen zarto, Kawu ya tsaya tsakaninsa da gadon ya ce sai dai a fara da shi.

Washegari Inna ta zo karɓar mabuɗi. Kawu ya ce sharaɗi bai ambaci inda jika za ta kwanta ba, a kawo ta nan. Auta ta ce 'yarta ba za ta shaƙi garin katako ba. Inna ta ce ta ci, ta ɗauko babbar tukunya ta nufi sito, ta tarar gado ya cinye ɗakin daga bango zuwa bango, sai ɗan wurin da mutum zai raɓa. Shi ma Kawu ba inda zai ja zarto. Kowannensu yana gaya wa baƙi cewa magana tana hannunsa.

Tukwanen suna baranda. Jikar ta shiga makaranta bana. Kawu ne ke kwanciya a gadon bayan abincin rana, kuma ƙafarsa ba ta kai ƙarshe.