Barewar da ta ci dusa

A shekarar 1984, bayan kaka, Mani ya fara haɗuwa da Baba Gide, Sarkin Bakan Damari. A bakin daji aka yi haɗuwar. Mani na can saman kanya, bindigarsa na ƙasa, wani ƙaton gadu na shinshinar ta. Baba Gide ya kori gadun, ya ɗaga kai ya ce, "Sauko, maharbi."

Mani ya gaji bindiga da layu da kirari daga mahaifinsa, amma bai gaji saiti ba. Kirarin ma shi ne babbar matsalar, domin tun daga bakin gona yake fara shi da iyakar muryarsa, har zomon da ke can garin Sabuwa ya san ya fito. Bai taɓa kashe ko ɓera ba. Baba Gide ya ji tausayinsa, duk fitar da suka yi sai ya saƙa masa cinyar barewa a burgami. Da haka matarsa Suwaibatu da duk garin suka ɗauke shi gwani, mutum biyu kaɗai suka san gaskiya.

Da gwamnati ta mai da dajin gandun namun daji, ta hana harbi da tarko da saran itace, maharba suka yi baƙin ciki. Mani ya fi kowa kuka a fili, a zuci kuwa kamar an yi masa bushara da Hajji. "Da ba don doka ba," yakan ce a majalisa, "da kun gaji da nama."

Sai aka zo neman ƙwararren maharbi ya zama mai gadin gandun, gari duka ya nuna shi. Aikin ya karɓe shi. In ya fita sintiri da kirarinsa, dabbobi su ruga tsakiyar daji inda babu tarko, masu farautar sata su ruga gida. Gwanki ya dawo, barewa ta hayayyafa, gadu ya yi jikoki.

Tsufa ya kama Baba Gide, bakinsa ya fara saki. Wata rana a majalisa ya ce yana marmarin naman barewa kafin ya mutu, ya dubi Mani. "In ban samu ba, akwai wani tsohon labari da ke yi mini ƙaiƙayi a harshe."

Mani ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi harbi, aiki ya tafi, kuma ba samu zai yi ba. In bai yi ba, suna ya tafi. Ya ja akuyarsa bayan gari ya yanka, ya banda naman da hayaƙi har ya yi baƙi. Da Suwaibatu ta tambayi ina akuya, ya ce kura ce.

"Kura da rana tsaka, Malam?"

"Sun yi yawa yanzu. Aikinmu ne ke kyau."

Ya kai naman zauren tsohon ba wanda ya gani. Baba Gide ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Mani, barewar nan ta ci dusa."

"Baba, tun da aka hana harbi suka saki jiki. Har gida suke shigowa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya jawo akushin kusa da shi. "To, Allah shi ƙara musu sakin jiki."

Duk kaka sai akuya guda ta ɓace a gidan Mani. Baba Gide ya rasu bai ba da labarin ba.