Na Ce Na Iya Ruwa

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina jinjina kai, alhali nawa yana nan a cikina shekara uku na kasa fitar da shi. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin shekarata talatin da takwas, ina aiki a wani kamfanin fiton kaya a Jidda. Ofishinmu yana unguwar Bagdadiyya, amma rabin yinina a tashar jiragen ruwa nake yin sa, ina bin takardun kwantena. Ɗakina yana unguwar Hindawiyya, iyalina suna gida Najeriya. Ni mutum ne mai son hira, mai son a ce da shi ake yi. A Yawuri aka haife ni, wannan gaskiya ne, amma ina ɗan shekara huɗu aka canza wa mahaifina wurin aiki muka koma Gusau, kuma tun daga nan ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Wata rana muna shan shayi a ofis aka kawo zancen teku, sai wani abokin aikinmu haifaffen Jidda ya tambaye ni ko akwai ruwa a garinmu. Na ce masa ai ni ɗan bakin kogin Kwara ne, cikin masunta na tashi, kafin in iya tafiya na iya iyo. Aka ji daɗin labarin. Washegari aka nemi ƙari, na ƙara. Cikin shekara biyu na tsallake Kwara da iyo, na kama giwan ruwa da hannu, na ceto mutum biyu daga jirgin da ya kife. Har suna suka sa mini, Sarkin Ruwa. Duk ranar da aka ce a je bakin tekun Abhur wanka kuwa sai in ce ruwan gishiri yana sa ni ƙaiƙayi.

A cikin masu saurarena akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, wanda duk ofis muke kira Ammu, wato baffa. Shi ya koya mini aikin, kuma lokacin da iƙamata, wato takardar izinin zama, ta sami tangarɗa shi ya yi ta zirga-zirga wurin kafili, mutumin da nake zaune a ƙasar da sunansa, har aka warware. Ɗana yake ce mini. Saura suna dariya idan ina ba da labari, shi ba ya yi, kallona kawai yake yi. Wata rana a mota ya gaya mini dalili. Suna yara ƙaninsa ya nutse a kogin Nilu a gaban idonsa, yana tsaye a gaɓa bai iya komai ba, kuma tun ranar bai sake sa ƙafa a kogi ba. Ya ce duk sanda ya ji labarin mutanen nan biyu da na ceto sai ya ce ina ma ina wurin a ranar. Edita, a nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da tuƙi.

Bayan wasu watanni mudir, wato shugaban ofishinmu, ya tafi da mu shida Turkiyya, ganawa da wani kamfani da muke hulɗa da shi. Ranar ƙarshe babu aiki, sai masu masaukinmu suka ce sun shirya mana yawon yini guda a wani kogi da ya ratsa ta tsakanin duwatsu, inda ake sa mutane a kwale-kwalen roba tare da jagora a gangara da su cikin ruwa mai gudu. Mudir ya tafa hannu ya ce yau Sarkin Ruwa zai nuna mana. Da Ammu ya ce shi a mota zai jira, sai na ga mafita, na ce ba zan bar dattijo shi kaɗai ba, zan zauna da shi. Ammu ya dube ni, ya ce ba zai zama sanadin da za a hana ni abin da na fi so a duniya ba, bayan shekarun da na yi ban ga ruwan daɗi ba. Ya ce shekara hamsin yana gudun kogi, amma tunda yana tare da ni zai shiga. Mudir ya ce halas, yalla, wato shi ke nan, mu tafi.

Tafiyar kusan awa biyu ce daga masaukinmu a bakin teku zuwa cikin duwatsu, kuma duk tsawonta ina neman ƙaryar da za ta fitar da ni daga ƙarya, ban samu ba. Da muka isa aka ba kowa takarda, a ciki akwai tambayar ko ka iya iyo. Ammu ya rubuta a'a. Ni na rubuta e, yana kallon alƙalamina. Aka ba mu hular kwano da rigar ceto da filafili. Jagoran, wani Baturke mai jin Larabci kaɗan-kaɗan, ya tara mu ya yi bayani: wanda ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kada ya yi ƙoƙarin tsayawa, kada ya riƙe ɗan'uwansa, ya jira igiya. Daga baya Ammu ne ya maimaita mini wannan, don ni a lokacin ina gefe ina juya filafili kamar wanda ya san komai. Jagoran ya ɗaure wa kowa rigarsa tamau. Tawa ta matse mini ƙirji, ga numfashina dama yana sarƙewa don tsoro, sai na faki ido na sassauta maɗauran. Da mudir ya gaya wa jagoran wai ni gwani ne, ya sa ni a gaba ta hagu, Ammu a bayana.

Ruwan kore ne shar, sanyinsa kamar ƙanƙara, don daga dusar kan duwatsu yake saukowa. Rabin awar farko lafiya lau. Muka wuce ƙananan gangare biyu, aka jiƙe, ana ihu ana dariya, har na ji Ammu yana dariya a bayana, yana dafa kafaɗata. Daga nan duwatsun suka fara matsowa ta kowane gefe, sama ta koma siririya, ƙarar ruwa ta cika kunne. Na hangi kumfa fari fat a gabanmu da wani ƙaton dutse a tsakiya. Jagora ya daka tsawa 'yan hagu su ja da ƙarfi. Ni ne na farko a hagu, ni na baya suke bi wajen ja. Hannuwana suka ƙi. Na saki filafili na dunƙule na rufe ido. Kwale-kwalen ya juya a kaikaice, ya daki dutsen, gefenmu ya nutsa, ni da Ammu muka zube ciki.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne dalilin wannan wasiƙa. Da na shiga ruwa rigar ta zame ta haɗe mini a kunnuwa, na sha ruwa, na ga duhu, na ga haske. Da kaina ya fito sai na ga Ammu dab da ni, a kwance rigingine yadda aka koya mana, ya miƙo mini hannu yana kiran ɗana, ɗana. Taimako yake nema. Na cafke shi, na haye kansa, na danna shi ƙasa don in sami iska. Na sha gaya wa kaina ban san wane ne ba. Na sani. Ya taso yana tari, na sake danna shi. Ina jin hular kwanonsa a ƙarƙashin tafin hannuna har yau.

Ruwa ya watsa mu bayan wani dutse a jikin bangon kwazazzabon, inda gudunsa ya karye yana juyawa wuri ɗaya. Ammu ne ya kama wata saiwa da hagu, ya riƙe wuyan rigata da dama, nauyina da jan ruwa suka goce masa kafaɗa amma bai sake ni ba. Da rarrafe muka hau wani ɗan tudun dutse da bai fi dadduma biyu ba. Kwale-kwalenmu ya riga ya sha kwana, kuma ba a dawowa baya a irin wannan ruwa. A bayanmu bango miƙe santsi, ba wurin sa ƙafa. A gabanmu ruwa yana tafasa. Wayoyinmu suna mota. Na yi ihu har muryata ta dushe, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa.

Rana ta bar wurin da wuri, sanyi ya kama mu. Ammu yana jingine da dutse, hannunsa na dama yana reto, yana tari yana fitar da ruwa, leɓunansa sun yi toka-toka. Bai ce mini komai a kan abin da na yi ba. Da ya sami numfashi sai ya tambaye ni ko na bugu a kai ne, don ya ga kamar na gigice. Sannan ya ce yana jin jikinsa yana mutuwa, tunda ni na iya ruwa in daure in bi kogin in kira mutanenmu, kada in damu da shi. Har a lokacin bai daina yarda da ni ba. Na duba sama, na duba ƙasa, babu inda zan juya fuskata. Na sa bakina a kunnensa saboda ƙarar ruwa, na ce, "Ammu, ban iya ruwa ba. Ban taɓa iyawa ba." Ya ce, "Mutum biyun nan fa?" Na ce babu su. Ya kau da kai ya zuba wa ruwan ido.

Mun fi awa ɗaya a haka, kafaɗa da kafaɗa, don wurin ba zai bari ko taku ɗaya mu raba ba. Na rungume shi don ya sami ɗumi, bai ture ni ba, bai kuma dube ni ba. Na so ya zage ni, ya ƙi. Can ya ce azahar ta yi, ya yi sallarsa a zaune da nuni, ni ma na bi. Ban taɓa jin ƙunci irin na wannan zama ba, kuma ba sanyin ne ya fi damuna ba.

Jagoran ne ya dawo da mutum biyu, sun zagayo ta sama suka sake gangarowa da wani kwale-kwalen. Suka ɗaure kwale-kwalen a ƙetare, suka jefo igiya, ɗayansu ya tsallako ya ɗauki Ammu. Da aka zo kaina na ƙanƙame dutse na ƙi saki. Sai da mutumin ya ɗaure mini rigar da na sassauta, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, aka ja ni kamar buhu.

Ammu ya yi kwana uku a asibiti saboda ruwan da ya shiga huhunsa. An mayar da kafaɗar, amma jijiya ta taɓu. Abin da ban zata ba shi ne wanda na tarar da muka dawo Jidda. 'Yan cikin kwale-kwalen ba su ga abin da ya faru ba, sun dai ga mun faɗa tare an kuma same mu tare, sai labari ya zama wai na yi tsalle na bi Ammu na ceto shi. Mudir ya rungume ni a gaban kowa. Matar Ammu ta aiko mini da abinci da addu'a. Shi kuwa bai ƙaryata ba. Yana gaishe ni kullum da fara'a daidai gwargwado, sai dai ya daina shiga motata. Wata biyar na yi a haka, duk wanda ya ce mini Allah ya saka da alheri sai in amsa da amin.

Hannun ya hana shi tuƙi da rubutu mai yawa, ya ajiye aiki. Ranar da aka yi masa walimar ban kwana aka ce in yi magana, tunda ni na ceci ransa. Na miƙe na faɗi komai, tun daga Yawuri har zuwa danna shi da na yi sau biyu. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya sake kirana da wancan suna. Da aka watse Ammu ya kira ni gefe. Ya ce dannawar da na yi masa ya yafe tun a kan dutsen, don mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa. Abin da ya ci masa rai shi ne ranar da ya ba ni labarin ƙaninsa, ina cikin hankalina, na bar shi ya ci gaba da yarda. Ya ce wannan ma ya yafe, tunda na faɗa da bakina.

Ina kira ga duk wanda zai je irin wannan yawo: yawon kansa ba laifi ba ne, mutane suna zuwa suna dawowa lafiya, kuma waɗanda suka kai mu sun yi aikinsu. Amma ka rubuta gaskiya a takardar da aka ba ka, ka saurari jagora ko kana ganin ka sani, kada ka taɓa maɗaurin rigar da aka ɗaure maka. Idan kana tsoro ka ce kana tsoro, ka zauna a mota. Ga masu ƙara wa hira gishiri irina kuwa, ku sani a cikin masu dariya akwai wanda ya ɗauka da gaske, kuma wata rana zai iya ɗora ransa a kan maganarku.

Ammu yana nan Jidda a wurin babban ɗansa. Duk Juma'a nakan je in ɗauke shi mu tafi masallaci, mu tsaya sahu ɗaya. Idan liman ya yi kabbara, hannunsa na hagu yana kaiwa kunne, na dama yana tsayawa a ƙirji. Ya yafe mini, amma kowane mako sai na ga wannan da idona. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, ni kuma Allah ya yafe mini.