Rabon Jar Akuya

Jiya maƙwabciyata ta matse gyaɗa, ƙamshin tunkuza ya tsallako katanga, sai Inna, uwar mijina, ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙan ta.

Shekarar da harawa ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, ina goyon ɗiyata ta fari, nonona ya ƙafe. Inna kuwa kullum da hantsi sai ta daka 'ya'yan gawo, ta haɗa da dusa da tunkuza, ta barbaɗa kanwa, ta ajiye wa jar akuyarta. Gashin akuyar har sheƙi yake, hantsarta ta cika tana gogar ƙafafu.

Wata rana jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na durƙusa na ce, "Inna, a sam mini tunkuzar nan in dama kunu, ko ruwan nono ya zo."

Ba ta dube ni ba. Ta kama hantsar ta tatsa, madara mai kauri ta yi kumfa a ƙwarya. Ta ce, "Wannan in ta ci tana maidowa. Ke me kika maido?"

Ta karɓi yarinyar ta ɗura mata da ludayi, ina kallo. Yarinyar ta rayu, ta yi ɓulɓul. Har Inna ta bar duniya, in ɗiyata ta gaishe ta da safe sai ta ce, "Kin gaida uwarki a turke?"

Allah ya haskaka kabarinta. Ranar da za ta durƙusa tana roƙo, Allah ya dube ta.