Ragon da na hana mijina ci

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da na fizge akushi daga gaban mijina a kan idon uwarsa ba.

Ni 'yar mahauta ce, a Jega aka haife ni, kuma wankin kayan ciki na tashi ina yi. Abin da wasu ke toshe wa hanci, ni a cikinsa na yi karatu. Na ga yadda ciyawa ke sauka tumbi a dama ta, ta wuce hanji tana ƙara laushi, ruwan maɗaciya ya zubo mata, hanjin ya yi ta tsotse amfaninta har sai tusa da kashi sun rage. Na kuma san bambancin dabbar kaka da ta bazara. Ta kaka hanjinta da kauri, cikinsa da laushi kamar gashin ɗan tsako. Wadda ta sha yunwa kuwa, hanjinta ya sirance, kana hango yatsanka ta cikinsa, ka ja da ƙarfi ya tsinke.

Aure ya kai ni Kuberi, gidan manoma. Ba a daɗe da zuwan Nasara ba aka ɗebi maza aikin dako, har da maigidana. Sai bayan wata biyar ya dawo, shi da wani mutumin Dangamaji da suka rabu a hanya. Wallahi da ya yi sallama ban gane shi ba sai a murya. Ƙasusuwa ne a cikin riga, ƙafafu sun kumbura. Ya ce rabonsa da abin kirki ya fi kwana ashirin, sai ganye da ruwan tafki.

A al'adar gidan, wanda ya dawo daga irin wannan tafiya rago ake kayar masa. Surukata ba ta tsaya wata-wata ba, ta sa aka yanka, ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, ta kwarara man shanu, ta jera tsoka a kai. Soyayyar uwa ce, ban musa ba. Amma ina ganin ya miƙa hannu, sai hanjin dabbar bazara ya faɗo mini a rai. Ni da ko ido ba na haɗawa da surukata, ban san lokacin da na sure akushin ba.

Surukata ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Hauka kinka yi?"

Na durƙusa, akushin na rungume a ƙirjina, na ce, "Inna, ki yi man gahwara. Cikinai ya yi kwana da kwanaki ba aiki, hanjinai ya ƙanƙance. In yac ci wanga tuwo yanzu, ba shi iya niƙa shi. Ba ki ga shanun Hillani ba, in sunka sha yunwa sunka hwaɗa ma sabuwar ciyawa, ciki ka kumbura su mutu?"

Ta ce, "To ɗana bijimin sa na? Yunwa ba ta kashe shi daji ba, ke za ki kashe man shi gida? In ba ki aje akushin ga ba, kwashe tarkacenki ki koma Jega!"

Shi kansa maigidan da nake yi dominsa harara ta yake yi, har da ƙwalla. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ce a raina gara a kore ni yana numfashi da in zauna takaba. Na ce, "Inna, ki ba ni kwana ukku. In bai ji dama ba, ni tahi da ƙahwata."

Na dama farau-farau mai ɗan gishiri, na ba shi ludayi biyu, na janye. Can an jima na ƙara biyu. Washegari koko tsararo, daga baya kunu da ɗan nono. Yana roƙo, yana zagi, ina yi kamar kurma. Surukata ko gaisuwata ta daina amsawa, naman kuma maƙwabta suka ci rabonsu.

Rana ta uku da hantsi wani ya zo daga Dangamaji da labarin rasuwa. Abokin tafiyar nan an yi masa irin tarbar da aka so yi wa nawa, ya ci ya ƙoshi, cikinsa ya kumbura, bai ga la'asar ɗin washegari ba. Allah ya jiƙansa. A lokacin maigidana yana zaune a gindin rumbu, ya fito da ƙafarsa.

Surukata ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tako har bakin murhu inda nake, tsohuwar da ba ta taɓa neman shawarar kowa a kan tukunya ba, ta ce a hankali, "Ɗiyata, yau mi za mu ba shi?"

Na haifa wa mutumin nan 'ya'ya shida bayan haka, kuma har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Abin da na koya shi ne, ba abin da ya shiga baki ke rayar da mutum ba, sai wanda ciki ya iya karɓa. Wani lokacin mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda ya iya jure harararka ya janye maka kwano.